Taken Kawu da Ba a Rufe Ba

Ni dai na san sunana ya riga ya ɓaci a Ƙofar Wambai. In na ce na ga akuya, sai an aika an dubo ko kaza ce. To wannan karon wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya hau acaɓa ya zo ya tambayi limaminmu, shi dai ba a taɓa kama shi da ƙarin gishiri ba. Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, gangarsa ta yi magana. Ba kowa kusa da ita. Tana rataye a bangon zaure inda ya saba rataye ta, mu kuma mun dawo daga maƙabarta muna ƙofar gida kan tabarmi ana karɓar gaisuwa, hantsi ya ɗaga, ko ganye ba ya motsi. Sai ji muka yi: dim.

Ɗaya tak. Amma irin wadda cikinka yake riga kunnenka ji.

Liman na tsakiyar addu'a, hannu a sama, sai "amin" ta maƙale a wuyan jama'a. Ladan kuwa, wanda kullum yake gaya mana mumini ba ya tsoron kowa sai Allah, na waiwaya na neme shi na rasa. Takalmansa dai suna nan, har yau ƙafa ɗaya na wurina. Oga mai shagon kayan babur, Ibon nan da ya fi ni daɗewa a unguwar, ya miƙe tsaye ya dafe ƙirji ya ce, "Kai! Wannan ganga yana neman maigidanshi."

Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda yake aikin gwamnati yana zaune a GRA, ya gyara hula ya ce, "Jama'a a kwantar da hankali. Zafi ne. Fata in ta sha zafi miƙewa take yi."

Na ce, "To ranka ya daɗe, tun da zafi ne, koma ƙarƙashinta ka zauna mana, can akwai inuwa."

Ya ce, "Bawa, rufe min baki, zaman makoki ake."

Bai koma ba dai.

Da labari ya shiga cikin gida, mata suka ɗau salati, wata har da ɓarar da tulu. Matar Kawu kuwa, Iya, ta ɗaga kai ta ce, "Uhm," ta ci gaba da jan carbinta.

Ba wanda ya yi dariya ranar, ko ni da ake cewa zan iya ba gawa dariya. Domin duk wanda ya san Kawu ya san abin da gangar nan take tambaya. Kawu, yayan mahaifiyata, yana da wata al'ada da ya taho da ita daga ƙauyensu Miri, daga wurin ubangidan da ya koya masa kiɗa. Duk wanda ya daɗe yana shiga filin rawarsa, sai ya yi masa take, wato ɗan kiɗan da yake naka kai kaɗai, wanda ko kana banɗaki aka kaɗa ka san da kai ake. In mai taken ya rasu, ranar sadakar uku sai Kawu ya rataya ganga ya zo ƙofar gidan, ya kaɗa taken nan sau ɗaya, a hankali, sannan ya ɗora tafin hannu ya danne fatar har sautin ya mutu. Shi ke nan, ya rufe. Ba shi ba sake kaɗa shi har abada. Yakan ce, "Abu biyu ake binnewa, gawa da take."

To ga shi mai rufe wa mutane ya tafi, nasa a buɗe. Kuma duk faɗin unguwar nan, har mu da muka yi shekara da shekaru muna zufa a gabansa, babu mahalukin da ya taɓa jin taken Kawu. Makaɗi ba ya kaɗa kansa. Wannan ne ya sa na zauna ina ba da labarinsa, don ina tsoron kada a wayi gari babu taken babu mutumin.

Da Kawu ya baro Miri ya shigo gari, ya taho da buhun dawa, da mata, da wannan gangar noma wadda in ka shiga cikinta ka kwanta har ƙafa za ka miƙe. Ƙofar Wambai kuwa kun san mu. Kowa jikan alƙali ne, har wanda kakansa jaki yake kora. Makaɗi a wurinmu maroƙi ne, maroƙi kuma ba a ba shi 'ya. Shi kuwa Kawu bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Baduku ne, yana zaune bakin titi yana ɗinkin takalmi, kuma a nan ya gano ciwonmu. Ya ce, "Ni da nake gyara muku takalmi na san sirrinku. Duk a dunduniya yake cinyewa. Jan ƙafa kuke yi. Mutanen birni ƙafafunku sun mutu, ba a dai yi musu sutura ba."

Ya je ya zauna wa hedimastan firamare a wuya har ya bar masa filin makaranta ran Asabar bayan la'asar. Asabar ta farko ya kaɗa shi kaɗai. 'Yan kallonsa awaki ne, sai ni, don uwata ta ce in je in tsaya kusa kada a jefe mata ɗan'uwa. Su ma awakin da kiɗa ya yi zafi suka ba da wuri. Asabar ta biyu haka. Ana cikin haka wata rana matar Oga, Madam mai manja da garin rogo, ta zo wucewa da kwano a ka. Ta tsaya. Ta sauke kwanon, ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙugu, ta shiga fili. Jama'a, na rantse muku ƙasa sai da ta amsa. Kawu ya bi ƙafarta da ganga, ita ta bi hannunsa da ƙugu, ni kuma na saki baki har ƙuda ya shiga ya yi zagaye ya fito.

Daga nan aka ɓarke. Magina Sayawa suka zo, Jarawa masu itace suka zo, matan Fulani suka ajiye ƙwaryar nono a gindin darbejiya. Wani Bayerabe mai gyaran agogo ya kawo irin nasu kalangun, Oga ya kawo wata ƙararrawar ƙarfe ta garinsu. 'Ya'yan jikokin alƙalan nan kuma suka fara leƙe ta katanga, yau kai, gobe kafaɗa, jibi ga mutum a tsakiyar fili hula ta faɗi. Kawu duk wanda ya zo sai ya ce, "Rera min kiɗan garinku da baki." Ka rera sau ɗaya, ya mayar da shi hannu, har ka ji kamar kakarka ce ta aiko shi.

Dokarsa ɗaya ce: ƙafa kafin hannu. Wanda bai iya rawa ba, ba ya taɓa gula, sandan kiɗan nan mai lanƙwasa. Ni kuwa ya ce rawata kamar wanda ya taka gidan cinnaka yana jin kunyar surukai. Amma ya yi min take. Nawa yana farawa ɗan mitsitsi, ya yi ta kumbura, ya yi ta kumbura, har ya fashe. Na ce, "Kawu, me ya sa nawa haka?" Ya ce, "Haka labaranka suke."

Rigimarsa da liman kuwa sai da ta ci damina guda. Liman ya aiko cewa kiɗa na shagaltar da samari. Kawu ya ajiye takalmin da yake ɗinki, ya taka har ƙofar masallaci ya ce, "Allah gafarta Malam, ka taɓa jin gangata ta yi karo da kiran salla?" Gaskiya kuwa ba ta taɓa ba. Ladan na gyaran murya a lasifika, gula za ta tsaya a sama kamar an riƙe ta, kuma kafin ka ɗaura alwala Kawu na sahun farko. Liman ya ce ba nan take ba. Suka daina gaisawa, sai dai sallama, ita ma a taƙaice kamar ana aron ta. Rannan liman ya zo wucewa ta gefen fili da lemarsa, ya tsaya wai yana yi wa wani yaro faɗa. Kawu na kiɗa yana kallon ƙasa. Da ya tsaya sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam, bakinka ya hana, amma babban yatsanka na dama ya halatta!" Liman ya dubi ƙafarsa, ya ce, "A'uzu billahi," sai dariya ta ƙwace masa. Ana cewa har take Kawu ya yi masa a ɓoye. Liman ya musanta. Amma da muka sa Kawu a rami, shi ne wanda sai da aka riƙe.

Akwai ranar da ba na mantawa. Madam ta rasu, aka tafi da ita kudu aka binne. Oga ya dawo ya buɗe shago, yana zaune cikin tayoyi kamar an cire masa laka, mu kuma kowa na kewaye-kewaye, ba mu san yadda ake yi wa Ibo ta'aziyya ba. Sai ga Kawu da ganga a kafaɗa. Wani ya tare shi ya ce, "Baba, Kirista ce fa." Kawu ya ce, "Ranar da ta shigo fili ganga ta tambaye ta ne?" Ya tsaya ƙofar shagon ya kaɗa taken Madam, mai nauyin nan da ke sa ƙugu motsi, sannan ya danne fatar. Shiru ya sauka har kan titi. Oga ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, yana kuka yana cewa, "Shi ne. Ita ne. Na gode, Baba."

To amma kada ku ɗauka abin nan daɗi ne kawai. Da uwata ta rasu shi ya rufe nata. Na tsaya a gabansa na ji da kunnena, na ce wannan ko mutuwa zan yi ba zan manta ba. Wallahi kafin shekara ta zagayo na neme shi a bakina na rasa. Farkon yana zuwa, sai ya kuɓuce, kamar ka ga mutum daga nesa ya sha kwana. Na je na same shi na durƙusa, ni da ban saba ba, na ce, "Kawu, sau ɗaya tak, ko da yatsa ne a gwiwa." Ya ce, "Ƙanwata ce kafin ta zama uwarka. Kana tsammani ni hannuna ba ya ƙaiƙayi?"

Da tsufa ya kama shi na gane abin da yake nufi. Za ka gan shi zaune a zaure, yatsunsa na bugun cinya su kaɗai, sai ya yi wuf ya kama hannun da ɗaya hannun ya zauna a kai. In ka ce lafiya, sai ya ce, "Sun yi yawa. Kowa so yake ya fito." Rabin mutanen da suka taɓa rawa a filin nan suna kwance a hannun tsohon nan, shi kaɗai yake ɗauke da su. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sauke maka nauyin da ka ɗaukar mana, ya sa kabarin nan ya yi maka faɗi fiye da filin makaranta.

To mu dawo kan ganga. Washegarin jana'iza da hantsi: dim. Kashegari: dim. Taubashina ya sassauta tsirkiyarta, ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta, wai a ga ƙaryar zafi. Dim. Mai kunun da ke bi ta layinmu ta canza hanya. Masu zuwa gaisuwa suka koma yi daga tsallaken titi, suna ɗago hannu kamar masu tare mota. Taubashina ya ce a sa ta a but ɗin mota ya tafi da ita GRA, direbansa ya ce shi dai yana da ƙananan yara. Sadakar uku ta zo ta wuce, ba a rufe komai ba, don ba abin rufewa.

Sai ga taubashina ya ja ni gefe, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Bawa, ka san ni ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba."

Na ce, "Na sani, ubangidana. Shi ya sa kake shiga gidan ta ƙofar baya."

Bai ko harare ni ba. Ya ce, "Mutumin nan ya rufe wa Ibo, ya rufe wa Basaye, ya rufe wa uwarka. A ce ni ɗansa na kasa yi masa? Ko rawar ban taɓa shiga ba, kunya nake ji a ce ɗan makaɗi. Ina za mu samo takensa?"

Na goya shi a babur, da babbar rigarsa da komai, muka nufi Miri. Can muka samu wani tsoho a gindin tsamiya, wanda suka yi koyon kiɗa tare da Kawu, ido ya tafi, haƙori ya bi shi. Muka yi masa ta'aziyya, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya ce, "Yana da take mana. Ubangidanmu ya yi masa, ranar da aka kawo masa amarya aka kaɗa, sau ɗaya, ba a sake ba. Ni na manta, yaro, abin da ya fi shekara hamsin. Amma in na ji zan gane. Ku tambayi amaryar."

Muka dubi juna. Amaryar dai Iya ce. Iya kuwa tun da aka fara rawar nan ba ta taɓa taka filin makaranta ba. In an ce mata ana can ana cashewa, sai ta ce, "Allah ya ba su lafiyar gwiwa." Mu duk ɗauka muke ta tsani gangar.

Muka ɗauko tsohon, muka sa shi a tsakiya kamar buhun gero, muka dawo. Shi kaɗai ne ya yarda ya zauna a zaure ƙarƙashin gangar, har da jingina. Washegari da safe ni aka tura wurin Iya, don an san ni ba ni da kunya. Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin kayan takaba, ba kwalli ba awarwaro. Na tsuguna na yi ta kewaye, daga ƙarshe na ce, "Iya, wai ranar da aka kawo ki, kin tuna kiɗan da aka yi wa Kawu?"

Ta ce, "Ni makaɗiya ce? Tashi ka ba ni wuri, sarkin surutu."

Na fito na ce an rasa. Muka zauna a ƙofar zaure jugum, ni da taubashina, muna jiran hantsi ya ƙarasa ɗagawa mu sha dim ɗinmu na yau. A cikin gida mata na dakan gumbar sadakar bakwai, daka irin ta 'yan zamani, wadda ko kaza ba za ta firgita ba. Sai muka ji muryar Iya: "Ba ni nan. Gero kuke daka ko lallashinsa kuke?"

Taɓarya ta sauka.

Jama'a, wannan dakan na san shi. Duk wanda ya tashi a layinmu ya san shi. Biyu a tsakiyar turmi, ɗaya a gefe, sai ta cilla taɓarya sama ta tafa, ta cafe. Da shi muka yi wayo, da shi muke sanin hantsi ya yi, har mukan ce agogon Iya. Ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai hayaniyar fura. Tun da Kawu ya kwanta ciwon ajali ba a ji shi ba, kuma ba wanda ya lura.

Tsohon nan ya ɗago daga jinginar da ya yi. Ya miƙa hannu sama ya lalubo gangar, ya ɗora yatsa a fatarta, ya ce, "Zo ka taɓa." Na taɓa, don kada a ce na ji tsoro. Fatar tana kakkarwa, kamar maƙogwaron mai son yin magana. Hawaye na bin fuskar tsohon, ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Ashe kullum ana kaɗa masa."

Taubashina ya cire hula. Ya sauko da gangar da hannunsa, ya rataya a kafaɗa, ta kusa kayar da shi, ya ɗauki gula a juye sai da na gyara masa. Muka shiga cikin gida, tsohon na riƙe da rigata. Mata suka dare. Iya na ganinmu ta tsayar da taɓarya a cikin turmi ta jingina da ita.

Taubashina ya durƙusa ya ce, "Iya, don Allah sake yi a hankali in kama."

Ta ce, "In ka kama sai me?"

"Sai in kaɗa masa sau ɗaya, a rufe. Kamar yadda ya yi wa kowa."

"In an rufe kuma?"

Tsohon ne ya ce, "Amarya, kin san doka. In an rufe, an rufe. Ba ganga, ba baki, ba turmi. In kuma aka bar shi a buɗe, mai shi ba ya tafiya. Yana nan tsaye a ƙofa."

Iya ta dube shi, ta dubi ɗanta da gangar da ta fi ƙarfinsa, ta dube ni. Ta tofa yawu a tafin hannu, ta ɗaga taɓarya, ta ce, "To wa ya ce muku ina so ya tafi? In a ƙofa yake tsaye, ku tashi ku ba shi hanya ya shigo, ai gidansa ne. Ku ne baƙi."